Gajeren Layi a Allon Mista Barraza

"Gobe ba ke za ki yi wa Mista Barraza rubutu a allo ba, Noemi."

Noemi ta ɗago kai da sauri.

"Ban gane ba, Misis Archuleta... Idan ba ni ba, wa?"

Shugabar makarantar ta zare tabarau ta ajiye a kan tebur. Mace ce mai kirki, amma yau ta ƙi yarda su haɗa ido.

"An kai ƙara gaban hukumar makarantun gari. An ce ba Mista Barraza ke koyar da ajinsa ba, ke ce. Wai shi tsayuwa kawai yake yi, ke kina rufa masa asiri da alli."

"Ƙarya ne! Na rantse da Allah ƙarya ne!"

"Ban gama ba. An kuma ce akwai wani abu a tsakaninku."

Noemi Salcido ta kau da ido. Hannunta ya kai kan ƙirjinta, inda zoben Eliseo Barraza yake rataye da siririyar sarƙa a cikin riga, yau kwana goma sha tara.

"Wannan kam ba ki musa ba," in ji shugabar a hankali. "To ki saurara. Gobe ƙarfe tara mutum uku za su zauna a ajinsa su kalli darasi. Ni, da Dokta Whitlock daga ofishin ilimi, da mutum ɗaya daga hukuma. Idan bai gamsar da mu ba, za a karɓe ajin."

"Wa hukuma ta turo?"

Shugabar ta ɗauki tabarau tana juyawa.

"Misis Archuleta, don Allah..."

"Mahaifinki, Don Fermin."

"Papa?!"

"Shi layi ya biyo. Rubutun allo kuma Mis Cantu ce ta ce za ta taimaka. An yarda ki zauna a can baya, amma ki ji ni da kyau, Noemi. Ko tari kika yi, za a ce amsa kika ba shi."

Yvette Cantu!

Noemi ta miƙe ta fito.

Duk garin Santa Rufina ba wanda bai san labarin ba. Eliseo Barraza ya yi shekara shida yana koyar da lissafi a sakandaren garin kafin ciwon ido ya kama shi. Cikin wata takwas duniya ta yi masa duhu. A lokacin saura wata biyu bikinsa da Yvette, wadda ita ma malamar lissafi ce. Sai ta sa zobensa a ambulan ta aika wa yayarsa, ta kuma gaji manyan azuzuwansa.

Kowa ya ce shi ke nan, Eliseo ya ƙare.

Bayan shekara biyu sai ga shi ya dawo da farar sanda, ya iya karanta rubutun makafi da yatsa, ya ce a ba shi ajinsa. Makaranta ta ɗauki Noemi ta zama idonsa. Ya faɗa ta rubuta a allo, yara su yi aiki ta karanta masa. Ita kanta ba ta san ranar da ta fara jiran ƙarar sandar nan a baranda ba. Ta dai wayi gari ta ga idan bai zo ba, shayi ma ba ya mata daɗi.

Ta same shi a aji shi kaɗai, yara sun tashi, yatsunsa na bin ɗigo-ɗigon takarda.

"Tafiyarki ta canza," ya ce tun kafin ta yi magana. "Ta gaya miki ke nan."

"Ka sani?!"

"Tun safe."

"Shi ne ka yi shiru? Eliseo, Yvette fa! Matar da ta..."

"Na san abin da ta yi. Zo nan, rayuwata. Zauna."

Ta zauna a kujerar yara. Ya laluba ya kamo hannunta.

"Hannunki kamar ƙanƙara."

"Ka ce ba ka yarda ba. Ka ce a kawo wani."

"In na ce haka, sai su ce ba na iyawa sai da wanda na zaɓa. Abin da take so ke nan."

"Wane darasi suka ba ka?"

"Kason aljabara. Yadda ake nemo na ƙasa guda ɗaya, mafi ƙanƙanta, wanda kowa zai shiga cikinsa."

Ta runtse ido. Duk cikin darussan shekara babu wanda ya dogara ga allo kamar wannan. Lamba a sama, layi, lamba a ƙasa. Abu kaɗan ya goce, komai ya rushe.

"Noemi," muryarsa ta sauka, "akwai magana. Idan suka karɓe ajin, zan koma El Paso wurin yayata."

"To sai mu tafi."

"A'a. Ni kaɗai."

Ta fizge hannunta.

"Me ka ce?"

"Ba zan aure ki ina zaune a ɗaki ina jiran ki dawo ki karanta mini wasiƙa ba. Shekarunki ashirin da huɗu..."

"Kai ma?! Kai ma za ka yanke mini hukunci kamar Papa? Wa ya tambaye ni? Wa ya taɓa cewa, Noemi, ke me kike so?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya miƙo hannu yana neman fuskarta, ta kauce, sannan ta kasa jurewa, ta kama hannun ta ɗora a kumatunta.

"Yi haƙuri, zuciyata... tsoro nake ji. Gaskiyar ke nan."

"Ni ma."

"Yi mini alƙawari ɗaya. Duk abin da kika gani gobe, kada ki buɗe baki."

"Eliseo..."

"Ko me kika gani."

Ta share hawaye ta ce, "Na yi."

A wurin ajiye motoci ta ci karo da Yvette tana buɗe jar motarta, gashin nan ya sha gyara, turare na tashi.

"Ah, idon malam! Gobe za ki huta ko? Kada ki damu, zan kula miki da shi. Ai na san muryarsa tun kina 'yar sakandare."

"Ke kika kai ƙarar."

"Ni? Iyayen yara ne suka damu, 'yar'uwa. Ni dai na tsaya mun gaisa da babanki a coci, shi ke nan." Ta yi murmushi. "Sarƙar nan ta yi miki kyau. Ki riƙe ta da kyau, ni da ta yi mini nauyi ajiyewa na yi."

Noemi ta shiga motarta ta rufe. Sai da ta gwada sau uku kafin makulli ya shiga.

Lokacin gasa barkono ne, gari duk ya ɗauki ƙamshi. Ta tarar da mahaifinta a bayan gida yana juya gangar ƙarfe a kan wuta, koren barkono na fashewa a ciki. Don Fermin bai wuce aji shida ba, amma sau uku mutanen gari suna zaɓensa a hukumar makarantu, don sun san ba ya munafunci.

"Papa."

"Miƙo mini buhun can."

Ta miƙa. "Papa, gobe..."

"Ba na maganar hukuma a gida."

"To yi maganar 'yarka!"

Ya tsayar da gangar. Ya juyo ya kafe wuyanta da ido.

"Fito da shi."

A hankali ta zaro sarƙar, zoben ya yi ƙyalli a hasken yamma.

"Kwana nawa?"

"Sha tara."

"Kwana sha tara kina zuba mini abinci da wannan a wuyanki. Sai a ƙofar coci zan ji, a bakin bare."

"Tsoron abin da za ka ce nake yi."

"To ga shi zan faɗa. Ban yarda ba!"

"Don ba ya gani?"

"Don ke!" Ya buga murfin gangar. "Kina da shekara sha huɗu uwarki ta kwanta. Wa ya yi mata wanka? Wa ya ba ta abinci a baki shekara biyar? 'Yan matan garin nan suna rawa, ke kina wankin zanen gado. Ina gona, ina gani, ban iya komai ba. Yanzu da kika samu kika miƙe, sai ki sake ɗauko wata jinyar har ƙarshen rayuwarki?"

Idanunsa sun yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Ba majinyaci ba ne, Papa. Shi yake dafa abincinsa. Shi yake guge rigarsa. Ranar da na yi zazzaɓi, shi ya hau motar haya ya kawo mini magani makaranta..."

"In kika haihu, yaro ya nufi titi fa?"

Ta damƙe zoben a hannunta.

"Kin gani? Gobe zan zauna in duba. Ba zan zalunce shi ba, mija, 'yata, kin san ni. Amma ba zan yi ƙarya don ke ba."

Ya ci gaba da juya gangarsa. Abincin yamma ranar ba wanda ya taɓa.

Washegari ƙarfe tara saura, aji ya cika. Yara ashirin da shida sun yi tsit, abin da ba su taɓa yi ba. Masu dubawa uku sun jera a gefen taga. Dokta Whitlock doguwa ce mai furfura, da littafi a cinya. Don Fermin ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, malafa a kan gwiwa.

Noemi na can ƙurya, kusa da kwandon shara.

Sandar ta yi ƙara a baranda. Ƙwas... ƙwas... Ya shigo, ya jingine ta a inda ya saba.

"Barka da safiya. Na ji shirun ya yi yawa. Ko ajin wani na shigo?"

Yara suka yi dariya. Noemi ta ɗan saki numfashi.

"Mu fara da abinci, don na san nan hankalinku yake. Kana da rabin waina, ƙanwarka na da sulusi. Nawa ke nan in an haɗa? Ba za ka ce biyu ba, don yankan ba iri ɗaya ba ne. Sai an sake yanka su daidai. Gida nawa?"

"Shida!"

"Sha biyu fa?"

"Zai yi, amma shida ya fi ƙanƙanta!"

"Madalla. Biyu na shiga shida, uku na shiga shida, ba saura. Abin da za mu yi yau ke nan, sai dai na ƙasan namu yana da harafi. Mis Cantu, don Allah rubuta mana. Na farko: ɗaya a sama, layi, a ƙarƙashin layin x a ƙara biyu. Na biyu: uku a sama, layi, a ƙarƙashinsa x sau x a ɗebe huɗu."

Alli ya yi ƙara.

Noemi ta ɗaga ido ta dubi allo.

Na biyun daidai yake. Amma na farkon! Yvette ta ja layin ɗan guntu, iyakarsa kan x. Biyun kuwa ta ture shi gefe, ya tsaya shi kaɗai a waje. Maimakon ɗaya bisa x da biyu gaba ɗaya, allo na cewa ɗaya bisa x, sannan a ƙara biyu.

Wani lissafi ne daban!

Yvette ta karkaɗe yatsunta, ta waiwayo ta dubi ƙuryar aji. Sau ɗaya.

"Ku fasa na ƙasan na biyu," in ji Eliseo. "Me ke cikinsa?"

"x a ƙara biyu, sau x a ɗebe biyu."

"Kyau! To minti uku, ku nemo mini mafi ƙanƙantar abin da duka biyun za su shiga."

Fensira suka hau aiki. Noemi ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi. Ta san amsar da ke kansa. Na farkon yana cikin na biyun tuni, don haka ba a buƙatar ƙarin komai. Amma yaran allo suke kallo, kuma allo zai kai su wani wuri.

Kalma huɗu kawai. Layin bai kai ba. Kalma huɗu!

Ta ciji leɓe.

"Priscila, me kika samu?"

Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta miƙe. "x, sau x a ƙara biyu, sau x a ɗebe biyu."

"Kin kusa. Amma akwai kaya da ya yi yawa. Sake dubawa. Damian?"

"Ni ma haka na samu, Mista."

"A'a. Wannan x ɗin da ke tsaye shi kaɗai ba a buƙatarsa."

Aji ya ɗauki gunaguni. Priscila ta dubi allo, ta dubi takardarta, fuskarta ta yi ja. Dokta Whitlock ta dubi allo ita ma, ta ɗaga gira, ta sunkuya ta fara rubutu. Rubutu mai tsawo.

Wayyo Allah...

Malami yana ce wa yara sun yi kuskure, alhali ga allo yana cewa sun yi daidai. Me ya rage?

"Mista Barraza," Yvette ta ce da murya mai zaƙi, "ko in karɓa in bayyana musu? Kamar sun ɗan rikice."

Noemi ta ji gishiri-gishiri a bakinta. Leɓen ya fashe. Ta miƙe rabi daga kujera, Misis Archuleta ta juyo ta girgiza mata kai kaɗan. Ta koma ta zauna, hawaye na zuba, ba ta ko share ba don kada motsin ya zama magana.

Mahaifinta ba allo yake kallo ba. Ita yake kallo.

Eliseo ya tsaya cak a tsakiyar aji. Goshinsa ya yi gumi. Daƙiƙa biyar... goma... Agogon bango kaɗai ke motsi.

"Na gode, Mis Cantu, ba yanzu ba," ya ce. "Duk wanda ya samu amsar Priscila ya buga tebur sau ɗaya."

Tebura suka amsa kamar ruwan sama a kan kwano.

Ya karkata kai yana saurare. "Kusan kowa ke nan. Ku yafe ni, na yi gaggawa. Mutum ashirin ba sa yin kuskure iri ɗaya, sai in abu ɗaya suka gani. Bari in yi tunani a fili. Ba yadda za a yi x ya fito shi kaɗai a amsa, sai in akwai inda ya zauna shi kaɗai a ƙarƙashin layi. A na biyu ba ya nan, kun fasa shi daidai. Saura na farko." Ya juya wajen allon da ba ya gani. "Priscila, layin na farko, a ina ya tsaya? Ya rufe biyun, ko ya bar shi a waje?"

"Ya... ya bar shi a waje, Mista."

"Ato!"

Wani yaro ya ce "Kai!" da ƙarfi. Alƙalamin Dokta Whitlock ya tsaya.

"Haka na ji ka faɗa," Yvette ta yi saurin cewa, tana lalubar abin goge allo.

"A ƙarƙashin layin ya ce," in ji Don Fermin daga gefen taga, bai ko ɗaga murya ba. "Ni ban san lissafin ba, amma kunnena lafiya lau."

"Kada ki goge, Mis Cantu," Eliseo ya ce. "Bar shi. Ki rubuta ɗayan a gefensa, da dogon layi. Yara, yau kun samu biyu a madadin ɗaya. Priscila, amsarki daidai ce ga abin da ke gabanki, riƙe ta. Yanzu ku gaya mini, me ya sa ɗan tsawon layi ya canza komai?"

Hannuwa suka tashi. Da suka tuna ba ya gani, sai suka fara kiran sunayensu suna dariya.

Minti talatin da suka biyo baya Noemi ba ta taɓa ganin aji irinsa ba. Ya sa su fasa kowane na ƙasa gida-gida, su ɗauki kowane gida sau ɗaya, su bar maimaici. Ya ba su na uku da ka, mai wuya, suka cinye shi. Daga nan kuma duk abin da Yvette ta rubuta, sai ya sa yaro ɗaya ya karanta masa da ƙarfi, har da inda layi ya fara da inda ya ƙare.

Da ƙararrawa ta kaɗa, Yvette ce ta fara fita.

Aka ce Noemi da Eliseo su jira a baranda. Masu dubawa suka shige ofis suka rufe.

"Kina nan?" Eliseo ya tambaya.

"Ina nan."

"Muryarki... me ya samu bakinki?"

"Alƙawarinka ne ya same shi."

Ya jingina da bango. "Na ce wa yarinya ta yi kuskure alhali ba ta yi ba. Sau biyu, Noemi. A gabansu."

"Ka gyara."

"Matar nan ta yi rubutu da yawa. Ina jin alƙalaminta."

Minti goma. Ashirin. Noemi ta ƙirga tayil ɗin ƙasa har ta ɓace. Can ƙofa ta buɗe, Misis Archuleta ta ce su shigo.

Dokta Whitlock ta gyara zama. "Kafin mu faɗi matsaya, Mista Salcido ya ce yana da magana."

Don Fermin ya miƙe, yana juya malafarsa.

"Ni ba zan jefa ƙuri'a ba."

Noemi ta dafe kujera. Shi ke nan. Ya ƙi ya ce e, kunyarta kuma ta hana shi cewa a'a.

"Papa, don Allah..."

"Yi shiru, mija, ai kin iya. Na gani yau." Ya juya ga Dokta. "Dokar hukuma ta ce mutum ba ya jefa ƙuri'a a kan ɗan gidansa. Ban sani ba tukuna ko wannan ɗan gidana ne. Amma maganar tana gabana, don haka hannuna ba ya ciki."

Noemi ta toshe baki da hannu biyu.

"To saura mu biyu," in ji Dokta Whitlock, "kuma bakinmu ɗaya. Mista Barraza, shekarata talatin ina shiga azuzuwa. Na ga malamai masu ido biyu da allo zai yi kuskure har a tashi ba su lura ba. Ajinka naka ne. Mis Cantu kuma za ta zo ta yi mana bayani." Ta dubi Noemi. "Sai dai in maganar aure ta tabbata, ba za ki ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa ba. Za a mayar da ke ɗakin karatu, a nemo masa wani."

"Na yarda!" Noemi ta faɗa da sauri har shugabar ta yi dariya.

A waje, Don Fermin ya tsaya a gaban Eliseo. Ya fi shi gajarta, amma sai ya zama kamar shi ne dogon.

"Saurayi."

"Na'am, Don Fermin."

"Tambaya ɗaya na yi wa 'yata jiya ta kasa amsawa. In kun haihu, yaro ya nufi titi, ya za ka yi?"

Eliseo ya gyara riƙon sandarsa.

"Zan kewaye gidan da shinge kafin ya fara tafiya. Zan ɗaura masa 'yar ƙararrawa a takalmi. Wata rana kuma duk da haka zai kuɓuce mini, in yi ihu, maƙwabta su fito. Ba zan ce maka babu abin da zai gagare ni ba, akwai. Amma ba mai jinya nake nema ba. Jiya ma cewa na yi in na faɗi zan tafi in bar ta."

"Ka ce mata haka?"

"Na ce."

"Me ta ce?"

"Ta kusa cinye ni ɗanye."

Gashin bakin dattijon ya motsa. "Halin uwarta ke nan." Ya yi ajiyar zuciya. "Matar can ta yi maka mugunta a gaban mutane, ka gane, ba ka tozarta ta ba. Wannan na gani. Kuma ka ba yara haƙuri. Ban taɓa jin malami ya ba yaro haƙuri ba."

Ya miƙa hannu.

Hannun ya tsaya a iska. Eliseo na tsaye, bai san an miƙo ba. Noemi ta buɗe baki za ta gaya masa, mahaifinta ya harare ta. Ya matsa da kansa, ya kamo hannun Eliseo ya damƙe cikin nasa mai kaushi.

"Ran Lahadi bayan coci ka zo gida. Ka zo da yayarka. A gidana ake neman aure, ba a baranda ba."

"Zan zo, Don Fermin. Na gode... na gode."

"Ban ce na ba ka ba tukuna!"

Amma bai saki hannun ba.

Yvette ta nemi canjin makaranta kafin ƙarshen zango, ba wanda ya riƙe ta. An ɗaura auren a watan Disamba, a ƙaramin cocin garin, 'yan ajin ashirin da shida suka cika layi biyu na gaba suna ta zungurin juna.

Da Noemi ta iso bakin ƙofa cikin farar riga, hannunta a cikin na mahaifinta, sai ta ji dattijon na rawar jiki fiye da ita.

"Papa, lafiya?"

"Tsoro nake ji har yanzu, mija," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki ɗauka ya tafi."

"Ni ma ina ji."

"To me ya sa kike murmushi?"

Ta hango Eliseo can gaba, ya karkato kai wajen ƙofa, yana neman takunta a cikin duk hayaniyar nan. Ta ga lokacin da ya same shi. Fuskarsa gaba ɗaya ta washe.

"Dube shi, Papa."

Don Fermin ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya gyara tsayuwa.

"To mu je," ya ce. "Kada mu bar yaron nan yana jira."